Minti Uku a Altamura

Shekara arba'in da ɗaya ina cuɗa alkama
a lungun bayan majami'a, nan Altamura,
ba wanda ya taɓa ce mini, "Saverio, dakata,
bari in binciki burodinka."
Sai jikata Ilenia,
'yar shekara tara, siririya kamar sillen kara,
ta zo da wani abu a aljihun rigar makaranta
da bai fi kwalin ashana biyu ba.

Likita a Bari ya ce hanjinta
ya ɗauki alkama abokiyar gaba.
Ba ƙwayar ba, danƙon da ke cikinta,
mai sa ƙulli ya miƙe bai tsinke ba.
Gulutin, in ji su.
Ni abin da na sani game da shi:
shi ya rufa ɗakin nan,
shi ya kai uwarta jami'a.

Na ce to.
Na auno garin shinkafa da na masara,
na kwana uku ina kankare tanda,
na wanke hannu har fata ta yi yaushi.
Burodin ya fito gajere, fuska a murtuke,
amma dai burodi ne.

Ta gutsuri kamar ƙwayar wake,
ta jefa a 'yar kwalba, ta murɗa murfi,
ta cusa a bakin na'urar.
"Kaka, minti uku."

Ta ce a ciki akwai siririyar takarda
da aka jera wa masu gadi, ido ba ya ganinsu,
aikinsu ɗaya ne tak:
in gulutin ya gitta su cafke shi.
Ko ashirin ne cikin miliyan,
layi zai fito, na'ura ta karanta.
Na yi dariya. Na ce ko hancin kyanwata
bai kai nan ba.

Fitila ta kawo ja.

Ban ce uffan ba.
Yarinyar ta janye hannu daga faranti
a hankali, kamar mai ba ni haƙuri.
Wannan janyewar ta fi jan fitilar ciwo.

Da dare na zauna ina tuhumar kayana ɗaya ɗaya.
Buhu sabo ne. Ruwa ruwa ne. Gishiri ba ruwansa.
Sai idona ya sauka kan akushin cuɗa,
na itacen goro, wanda ubana ya gada wurin ubansa.
Na sa farce a tsagarsa,
ga gari nan, fari, ya kwanta a jijiyar itace,
wataƙila tun kafin a haife ni.
Ashe abin da ya daɗe a gida
ba ya fita da sabulu.

Ban fasa shi ba. Na rataye shi a bango.
Da safe na haura wurin Nunzia mai kayan ƙarfe
na sayo kwano mai sheƙi, mara tarihi.
Na ari murhun maƙwabciya Addolorata
wadda ba ta taɓa gasa komai ba sai barkono.
Na aske gashin hannuna.
Har hular aiki na canza.

Ran Lahadi Ilenia ta sake murɗa murfi.
Na juya baya, ina kallon tattabaru a kan rufi,
ina ƙirga numfashina,
ni da ban taɓa jiran hukuncin kowa ba.

Ban ga launin fitilar ba.
Abin da na ji
ƙarar ɓawon burodi ne tsakanin haƙora,
ƙurus, ƙurus,
sannan murya, baki cike:
"Kaka, gishiri ya yi kaɗan."

Gobe zan ƙara.