Birkin Zinoviya

Ni ke buga hatimi a gidan wayar garinmu,
can gabashin Yukiren, inda leda ta gaji gilashi a taga.
Zinoviya Derkach ke fita. Ni a zaune nake.
Ku riƙe wannan kafin ku auna maganata.

Ran Talata take ɗaukar jakar fansho,
ƙauye huɗu, ɗayan ma sunan ne ya rage:
gida tara, akuya biyu, da tsoho Miron
da ya rantse ba zai mutu a gadon gwamnati ba.
Motar rawaya ce, birkinta sai an taka sau biyu
kamar mai lallashin jaki.
Gefen hanya an kakkafa jan ƙyalle,
nan nakiya, can nakiya, tsakiya rabonka.

Da igwa ta sauka bayan rumbun hatsi a watan jiya
ta kwanta cikin kwata, jakar a ƙarƙashin cikinta
kamar kaza kan ƙwai.
Ta dawo da laka har cikin kunne.
Abin da ta fara cewa: "Ostap, an yi kuskure a kuɗin Ustina,
an rage mata hamsin."

Sai ga manya daga birni, da mai hoto.
Suka ce jaruma. Suka maƙala mata ƙarfe a ƙirji,
suka tafa, suka sha shayi, suka juya da wuri
don hanyar ba ta da kyau bayan la'asar.
Ta jujjuya ƙarfen a tafin hannu, ta ce,
"Ina ma birki suka kawo."

Tun ranar nake tauna kalmar, ta ƙi haɗiyuwa.
Jarumi a sanina shi ne ya ga wuta ya zaɓi shiga.
Ita aiki ta nema, shekara ashirin baya,
lokacin da haɗarin hanya bai wuce kare ba
da santsin ƙanƙara a ƙofar coci.
Wutar ce ta zo ta tarar da ita da jaka a kafaɗa.
Ga jika, ga haya, ga haƙori mai neman likita.
In ta ajiye jakar, me za ta ɗauka?

Kuma kirari ba shi da tsada.
Wanda aka ce wa jarumi ba a tambayarsa ko ya yi barci,
ba a ƙara masa albashi, ai jarumi ba ya ciniki.
In ya faɗi, an riga an ɗinka kalmar da za a lulluɓe shi.

Amma fa.
Sau ɗaya tak na raka ta.
Ustina ta fito daga ramin da take kwana,
ba kuɗin ta fara dubawa ba, ba maganin hawan jini ba,
hannun Zinoviya ta kama, ta ce,
"Ashe har yanzu akwai sunanmu a takarda."
Ni gwiwata ba ta daina rawa ba sai Alhamis.
To me zan kira wadda ta koma Talatar gaba?

Na tambaye ta. Tana ɗaure ambulan da roba, ba ta ɗago ba.
"Tsoro nake ji, har amai.
Amma idon Miron ya tafi, ni ke karanta masa wasiƙa.
'Yarsa na da ciki a Foland,
yana jiran sunan jariri."

Lambar yabon na cikin aljihun tebur
da kan sarki da tsohon almakashi.
Birkin yana nan yadda yake.
Gobe Talata.
Na jera mata wasiƙun gida-gida,
na ɗora ta Foland a sama.
Ku kira ta duk abin da kuka ga dama,
amma wanda zai ce jaruma,
ya taho mana da makaniki.