Makullan Mushe Tsahiru

Ranar da aka ba ni makullai,
bakwai ne a zaren roba,
uku kawai ke buɗe wani abu.
Sauran huɗun na ƙofofin da ba a gina ba tukuna ne,
in ji Nomau mai gadi, kuma bai yi dariya ba.

Na zauna a kujerar Mushe Tsahiru.
Ƙafa ɗaya ta gaza, an tokare ta da tsohon kaye.
Cikin aljihun teburi ga hatimi, tawada ta bushe.
Na hura masa numfashi, na danna a bayan hannuna:
Darakta.
Ta fito a karkace, rabin kalmar babu.

Shekara ashirin da shida ya yi a nan Bagalam,
kowa da sunan da yake kiransa.
Mu yara Mushe muke cewa, hannu harɗe a ƙirji.
Dattawan unguwa su ce malamin lakwal,
a hankali, kamar masu ba da bashi.
Alhajin da ke ɗauko kaya daga Jibiya
daga cikin mota yake ƙwala masa: Hedimasta!
Ya amsa, suna ba ya cizo,
balle wanda buhun siminti biyu ke biye da shi.
Sufeto kuwa, in ya zo, lambarsa yake nema a takarda.

Can a lise akwai mai dogon suna, furobizar,
da fanka, da mai riƙe masa jaka.
Namu keke gare shi.

Da kaka, in an gama yankan hatsi,
shi ke bin gonakin bakin Gulbi yana roƙon kara
don a tada ajin da iska ta kayar.
Na gan shi bisa tsani, hannun riga a naɗe, igiya a baki,
wata mata ta zo da yaro a hannu
ta ce, kai mai ɗaurin zana, ina babbanku?
Ya ce, yana tafe.
Ya sauko, ya wanke hannu a buta,
ya zagaya ta bayan aji, ya shiga biro, ya gyara hula,
sannan ya ce a shigo da ita.

Shekarar da na gudu
na koma sayar da mai a kwalba bakin hanyar Ɗan Isa,
ya tsaya da kekensa ya ce, lita guda.
Na dubi keken, na dube shi.
Ya biya har da ƴan canji, ya ce, ɗauko mini.
Na bi shi da kwalba a ka, cikin rana,
har ƙofar aji.
Wurina na nan a benci, ba a ba kowa ba.
Har yau ban san abin da ya yi da man ba.

Jiya na je gaishe shi a Mokoyo.
Ido ya yi nisa, kunne na nan.
Na ce, Mushe, wai mene ne aikin?
Na zaci zai jawo doka, shafi kaza, layi kaza.
Ya ce, alli nawa ya rage?
Na ce, kwali biyu.
Ya ce, karya kowane gida uku,
kuma kafin rana ta ɗaga
ka san yaron da bai karya ba.
Sai ya koma tambayar dogon yaron tsakar fili,
ko har yanzu yana zubar da ganye a randa.

Yau da safe Nomau ya bugi ƙarfen taya,
yara suka kwararo kamar an ɓalle madatsi.
Wata ƴar aji ɗaya, takalmi a hannu,
ta ja mini riga ta ce, Mushe Darakta.

Na waiga baya in ga ko ya iso.

Ta sake jan rigar.
Wai an ɗauke mata allo.