Askin Biskwi

A Kuwara Kano, bayan wata ƙofar ƙarfe,
ƙarƙashin dogon yaro muka ɗora shi kan teburi.
Biskwi, in ji Madam Hamsatu.
Uwarsa karyar wani likita ce da ya koma ƙasarsu,
gashi a cukurkuɗe kamar audugar tsohuwar katifa.
Ubansa kuwa, Allah masani,
wani mai dogon ƙafa da ya tsallako katanga cikin dare.
Ya gaji ƙafar uba, ya gaji gashin uwa,
ga zafin Yamai ya sauko masa a kai.

Zabeiru, yarona, ya zaro tondos daga jaka,
ya hure haƙoranta, ya ɗiga mata mai.
Ya ce, Baba, minti ashirin mun gama,
akwai wasu biyu suna jira a Filato.
Na ce, to, zamani riga ne, saka naka.

Ta fara kuka kamar zanzaro a cikin tulu.
Kare ya ƙanƙame wutsiya, ƙafafu na rawa,
gashi na zuba dunƙule-dunƙule
da ƙarangiya a ciki, da kaska biyu da suka ƙoshi.
Na taɓa bakin ƙarfen da bayan hannuna: zafi rau.
Na ce, ɗaga, bari ta huce,
fatar nan ba ta da bakin da za ta ce maka wayyo.

Sai aka ɗauke wuta.

Shiru. Har fanka ta tsaya a baranda.
Ga Biskwi, dama kamar ɗan soja sabon ɗauka,
hagu kamar wanda ya shekara a daji.
Mai gadi ya yi dariya har ya zubar da shayinsa.

Na kwance tsumma, na fito da almakashin Arzika,
ubana, da ya aske rabin Tawa a bakin kasuwa.
Shi ya ce mini, yatsa ya riga ƙarfe isa.
Na sa mataji tsakanin fata da kaifi,
ƙyas, ƙyas,
na bi lanƙwasar haƙarƙari,
na bar masa ɗan gashi a gadon baya
don kada rana ta gasa shi kamar kilishi.
Na buɗe masa ido, ashe ruwan zuma ne.
Numfashinsa ya kwanta. Ya ɗora haɓa a hannuna.
Zabeiru na duban agogon wayarsa,
ni ina duban inda gashi ya nufa da kansa.

Amma bari in faɗi gaskiya ko a kaina ta faɗo.
Bayan kunne gashin ya daskare, ya manne da fata
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Mataji ya ƙi shiga. Na yi gardamar tsofaffi.
Ƙyas.
Ya yi ƙara ɗaya, siririya,
ɗigon jini ya fito a kan farin gashi.
Zabeiru bai ce komai ba,
ya miƙo mini auduga kawai,
wannan ya fi zagi ciwo.

Da wuta ta dawo wajen la'asar
ni da kaina na miƙa masa tondos.
Ta bi ƙarƙashin dunƙulen a kwance, a hankali,
ta ɗaga shi ɗungum, ba ko ƙwarzane.
Hammata da bayan kunne nasa,
fuska da wutsiya nawa.
Filato sai gobe.

Na wanke hannu, na sake riga, na yi alwala.
Jiya ƙanwata ta kira daga Tawa,
ta ce, har yanzu askin kake yi?
Na ce, har yanzu.
Ta ce, manyan mutane?
Na ce, masu suma dai,
kuma ba wanda ya taɓa ce mini in ba shi madubi.