Sunan da ke Jikin Tagulla

Kakan Ottavia da kwale-kwalen masunta ya fara,
yana liƙe ɓula da kwalta a bakin tafkin Iseo.
Ɗansa Ermete ya ɗaura wa katako inji,
ya shafe shi da mai sau goma sha bakwai
har attajirai na duba fuskarsu a jikinsa.

Sai roba ta ci kasuwa.
Aka rataye zarto,
sunan gidan ya koma hannun baƙi.

Ottavia, furfura fal kanta,
ta tsinci na arba'in da ɗaya a rumfar wani manomi,
kaji na kwanci ƙarƙashin sitiyari.
Damina biyu tana kankare tsatsa.

Yau ta murza makulli.
Tari, hayaƙi, shiru,
sannan gyaran muryar babanta.