Gaba Goma Sha Tara

Ubana ya haƙa rijiya arba'in da ɗaya,
goma sha uku suka ba da ruwa.
Sauran, a bayan Birni da gefen Garin Malam,
dutse ya tare su, ya ce nan ne iyaka.
Yakan hauro da dagi a dakushe,
ya tofar da ƙasa, ya ce Damagaram a kan fa take zaune,
fa kuwa ba ya jin magiya.

Ni ban gaji dagi ba.
Waya nake ja wa Malama Tsahara,
daga wannan gawo zuwa wancan,
in kafa ƙarafa, in shayar da su ruwan gishiri,
ita tana tsugune gaban akwatinta
tana aika wuta ƙarƙashin ƙasa
kamar mai sallama a gidan da ba a ganin masu shi.
In an amsa da wuri, laka ce ko ruwa.
In an yi shiru, dutse.
Shirun ya fi yawa.

Ran wata Talata, a hanyar Mirriya,
inji ya huda gaba goma sha tara.
Na jera abin da ya amayo a kan buhu:
jan yashi, farin yashi, marmara,
sai wata baƙar laka mai warin gindin randa,
cikinta katantanwa, ba su kai ƙwayar wake ba.
Ta ɗauki ɗaya da farce.
Ta ce, Illo, tafki ya kwana a nan,
ba damina ɗaya ba, dubbai.
Wataƙila dorina ta yi hamma inda ka ajiye takalminka.
Na dubi takalmin, na dubi ƙarangiyar da ta maƙale masa.
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da azahar muka fake a gindin duwatsun nan
da awaki ke hawa.
Ta dafa ɗaya, ta ce wannan ma ba haka aka haife shi ba,
kunu ne mai tafasa a cikin ƙasa,
ya taso zai fito, ya huce a hanya.
Ashe abin da ya cinye dagin ubana
kunu ne da ya kwana!
Da yana raye da ya ce ƙarya ne,
sannan ya sa a maimaita masa.

Ta cika kwalabe, ta liƙe bakinsu, ta sa lamba,
aka kai su nesa a tambayi ruwan shekarunsa.
Bayan wata uku amsa ta dawo a takarda.
Ta daɗe ba ta ɗago kai ba.
Ruwan sama ne, in ji ta, amma ba namu ba.
Ya sauka tun ba a ɗora tubalin ganuwa ba,
tun wurin nan bai san sunansa ba.
Gado muke sha, Illo,
kuma guga ya fi damina sauri.

Daren nan na bi ta Zango.
Jarkoki a layi gaban famfo tun magariba,
an zarge su da igiya kamar tumakin kasuwa,
masu su na gyangyaɗi.
Ƙarfe biyu bututu ya yi tari, ya sake tari, ya kawo.
Wani yaro ya tara hannu ya sha,
ya watsa sauran a ƙeya.
Na so in ce masa, a hankali,
ruwan nan ya girmi kakan kakanka,
kadoji sun san shi.
Ban ce ba.
Ƙishirwa ba ta tambayar shekaru.

Gobe da asuba za mu yi arewa, hanyar Tanut.
Na naɗe wayar, akwai inda ta saɓule,
sai na nemo roba in ɗaure.
Katantanwa ɗaya na ɓoye a kwalin ashana.
Ran Juma'a zan kai ta kushewar tsoho
in gaya masa ba laifin daginsa ba ne:
ruwan ya zo garin nan, Baba,
mu ne muka makara.