Gardama a Shagon Aski

Toledo, daren Juma'a, shagon Odis wanzami.
Aska a wuyan Delmar, bakinsa bai rufu ba:
"Kimbrough ne madugu! Hannunsa majajjawa,
yadi sittin, ƙwallo ta isa kamar an aike ta."

Odis ya ɗaga aska. "Jifan jami'a daban.
Can ƙattai ne masu iyali, abinci suke nema.
Ni Tavares, mai sanyin nan.
Sau tara aka kirɓa shi a Nuwamba,
ya tashi, ya tofar da ciyawa, ya ci gaba."

"Ba ya gudu!"
"Gaggawa aikin wa?"

Dusar ƙanƙara ta binne motoci.
Rabin gemun Delmar har yanzu kumfa.
Yaran biyu kuwa suna wani gari,
barci ya ƙi zuwa,
waya a ƙarƙashin matashi.