Shekara Tara a Ƙoƙo Ɗaya

Motar ƙarshe daga Oaxaca ta sauke ni da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, da takalmin da ya sha ƙanƙarar arewa.
Ban nufi gida ba.
A gida akwai gadon da ba kowa a kai.
Na bi hayaƙi da ƙamshin masara
har rumfar Doña Eufrosina, bayan coci,
mai tebur huɗu, ɗaya ma gurgu ne,
an tokare shi da murfin kwalba daga ƙasa.

Ba ta ce mini sannu da zuwa ba.
Ta dube ni daga hula har ƙafa,
ta ce, "Tiburcio, ashe can ba a cin abinci?"
Ta juya ga murhu tana tafa ƙullin masara
kamar mai yi wa wuta tafi,
sai da ya kai faɗin faifai
ta shimfiɗa shi a kasko ta gasa.

Baƙar miya ta fara zuwa, mole,
wadda ake kwana biyu a kanta:
barkono iri uku da aka babbake,
riɗi, gyaɗa, koko, ayaba, kanumfari,
da wani abu da ta ce da shi za a binne ta.
Cinyar talotalo ta nutse a ciki har ƙashi.
Shekara tara ina wanke kwanukan mutane a Chicago
ban taɓa lasar ko ɗaya ba.
Yau, a gaban kowa, na suɗe tasa.

Sai fara, jajawur, da tafarnuwa da lemon tsami.
Ina cikin ƙwas-ƙwas
baffa Crispín ya shigo da jarka marar suna,
ya ja kujera ya zauna kusa.

Ya ce, "Ka tuna magwai ɗin gangaren rafi,
masu ƙaya kamar kabar giwa?
Satin da ka tafi ubanka ya dasa."

Na tuna.
Na kuma tuna jana'izar da na kalla a waya,
a bayan kicin, da safar roba a hannu,
hoton na tsayawa, yana tafiya, yana tsayawa.
Ba ni da takardar da za ta fid da ni ta maido ni.
Laifin wa? Mun ce na nisa.

"Bana suka nuna," in ji baffa.
"Na sare ganyen, na fid da zukatan,
kowace kamar ƙatuwar abarba, ta fi ɗan maraƙi nauyi.
Kwana biyar suna rami bisa duwatsu masu zafi.
Alfadarinsa ya ja dutsen niƙa, yana waiwaye.
Sannan tukunyar yumɓu, da gora,
ɗis, ɗis, ɗis, har asuba.
Barci dai na nema na rasa."

Ya zuƙo meskal da kara, ya sako a ƙoƙo.
Kumfa ta jeru a gefe kamar tsakiya a zare,
ta daɗe ba ta fashe ba.
Ya gyaɗa kai.
"Ba a kwankwaɗa, yaro. Sumbata ake.
Amma tukuna, ba mai ita."
Na karkata ƙoƙon.
Ɗigon farko na ƙasa.

Na kai baki.
Wuta ce da fari, sai ta lafa,
sai ƙamshin gona bayan ruwan farko,
sai hayaƙi,
irin wanda ba ya barin rigar Nicanor, babana,
ko an wanke ta sau uku an shanya bisa.

Doña Eufrosina ta turo yankan lemo da jan gishiri.
Ta ga idona, ta ce, "Barkonon bana ba ya wasa."

Na zaro kuɗi, ta maƙe kafaɗa.
Baffa ya toshe jarka da totuwa, ya miƙe.
"Iyayen sun bar 'ya'ya a gindi,
ɗari da wani abu, ciyawa na cin su.
Gwiwata ta ƙi gangare.
Gobe da sassafe."
Bai jira amsa ba.
Na ɗauki jakata na bi bayansa.